A Daina Cutar Jama'a Da Jawabin Da Ba a Shirya Ba

Abin ya isa haka nan. Da yawa daga cikin likitocinmu, injiniyoyinmu, lauyoyinmu, daraktocin ma'aikatu da malaman jami'a ba su iya tsayawa gaban mutane su yi bayanin aikinsu ba, kuma ko a jikinsu. An daɗe ana nema musu uzuri. An ce kunya ce, an ce tsoron taro ne, an ce Turanci ne ya yi nauyi, an ce ai iya magana baiwa ce daga Allah. Duk mun ji, mun kuma gaji. Sakaci ne tsagwaronsa, da raina mutanen da suka bar harkokinsu suka zo saurare.

Mutum ya shafe shekara ashirin yana karatu, iyaye sun sayar da amfanin gona, gwamnati ta biya tallafi, takardun shaida sun cika bangon ofis. A ba shi minti goma ya gaya wa jama'a abin da ya sani, sai ya sunkuyar da kai cikin takarda, ya yi ta gunguni har lokaci ya ƙare. Wa ya ƙaru? Rumbu ne cike da hatsi da aka liƙe bakinsa: mai shi na alfahari, iyali na kwana da yunwa.

Jama'a, ku shiga ɗakin taron kowane babban otal a Kano, Kaduna ko Abuja ranar da ake taron ƙara wa juna sani. Katin gayyata ya ce ƙarfe tara. Sha ɗaya ta gota ana jiran babban baƙo, daga ƙarshe a ce ya turo wakili. A bakin ƙofa aka miƙa wa wakilin jawabin, a kan mumbari zai fara ganin abin da ke ciki. Yana karatu yana tuntuɓe. Ya zo kan adadi ya rasa miliyan ne ko biliyan. Ya juya shafi biyu a haɗe bai ma lura ba. Da ya gama, a tafa masa.

Kafin nan an ƙarar da rabin safiya a gaishe-gaishe. Girmama manya tarbiyya ce, babu mai jayayya da wannan. Amma sanƙira ya jero su, shugaban taro ya jero su, mai jawabin maraba ya jero su. Me zai sa mutum na bakwai, wanda aka ba minti goma, ya ɓatar da biyar yana sake kiran sarautun da kowa ya riga ya haddace? Domin ba shi da abin faɗa ne, gaisuwar ce mafakarsa.

Sai mai gabatar da maƙala ya taso. Ya kunna majigi, ya juya wa jama'a ƙeya, ya fuskanci allo. Kowane shafi cike maƙil da ƙananan rubutu, shi kuma yana bin su layi-layi yana karanta wa mutanen da suka iya karatu. Ya nuno wani jadawali mai ɗaruruwan lambobi ya ce, "Na san na baya ba za su iya gani ba." In ya san ba za a gani ba, don me ya saka? Shafi sittin ya tanada don minti goma sha biyar. A miƙa masa 'yar takarda cewa lokaci ya cika, ya ture ta gefe ya ci gaba. A ɗauke wuta, majigi ya mutu, shi ma bakinsa ya mutu, sai an tayar da janareta zai tuna abin da ya zo faɗa.

Ku waiwaya ku dubi masu saurare. Wasu na danna waya, wasu na gyangyaɗi, wasu idonsu na kan takardar sa hannu ta karɓar alawus. Da yamma a karanta sanarwar bayan taro da aka rubuta tun kafin a fara, a ɗauki hoto, a watse. Ku tare mutum a bakin ƙofa ku tambaye shi abu ɗaya da ya koya, ku ji abin da zai ce.

Wannan sata ce, kuma lissafinta a fili yake. Mutum ɗari biyu a ɗaki, aka ɓata musu awa ɗaya, an ɓata awa ɗari biyu ke nan, wato kwana ashirin da biyar na aikin ma'aikaci guda. Da kuɗi ne aka zare musu daga aljihu da an kira 'yan sanda. Don lokaci ne sai a ce ba komai? Kuɗi yakan dawo. Wa ya taɓa dawo da safiyar da ta wuce?

Abin da ya fi ƙona rai shi ne fuska biyu. Malamin jami'ar da ke kayar da ɗalibi ranar kare kundi saboda ya kasa bayani, shi ne wanda ke shiga aji da tsohuwar takardar da ta yi ja, ya yi ta shifta awa biyu bai dubi fuskar kowa ba. Daraktan da ke yi wa ƙaramin ma'aikaci tsawa ya yi magana a taƙaice, shi ne wanda in ya riƙe lasifika sai an roƙe shi ya sauka. Jami'in da aka tura bita ƙasar waje kan dabarun sadarwa, ya karɓi guzuri, ya dawo da takardar shaida da tsaraba, shi ne wanda bai iya haɗa jimla biyar a gaban ma'aikatansa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An ci ladan, ina askin?

Kuma waɗannan mutane ba bebaye ba ne. Ku same su da dare a majalisa ana shan shayi, ana musun siyasa ko ƙwallo. Hujja bayan hujja, misali bayan misali, murya garau, babu takarda, babu in-ina. Ashe harshen lafiyarsa ƙalau. Abin da ya bambanta shi ne a majalisa sun damu a fahimce su, a ɗakin taro kuwa ba su damu ba.

Masu cewa baiwa ce su zo su karanta tarihin yankin nan. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinare, malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina ya koyar a Midil ta Bauchi. A farkon shekarun 1940 shi da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suna cikin wata ƙungiyar tattaunawa a Bauchi, inda ake zama a ɗauki batu a yi muhawara a kai har gaban jami'an Turawa. A nan aka wasa harsunan. A 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka ke buƙatar zuciya. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya yi jawabin 'yancin kai a Legas, ranar 7 ga watan ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Yulin 1961 kuma ya yi wa 'yan majalisar dokokin Amurka jawabi. Da majigi ya je? Da shiri ya je.

Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, tun daga kafa jam'iyyar a Agustan 1950, sun ɗauki maganganu masu nauyi irin su haraji, 'yancin talaka da iyakar ikon hakimi, suka sauke su cikin Hausar da manomi da ɗan dako za su tafi da ita gida. Hajiya Gambo Sawaba ba ta yi zurfin karatun boko ba, amma in ta hau mumbari hukuma sai ta girgiza, shi ya sa aka yi ta kai ta kurkuku. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata, kuma har bayan da ganinsa ya yi rauni yana riƙe taro da Hausa da Turanci babu takarda a hannunsa, har ya rasu a 2017.

Yau kowa na yabon su. A tarukan tunawa da su a Gidan Arewa ko Gidan Mambayya, sai ka ji ana kiran sunayensu da kirari. Amma wasu daga cikin masu yabon, a wannan taron ma, karatun takarda suke yi kai a sunkuye. Yabon gwani ba tare da koyi da shi ba, me ya ƙara wa kowa?

Ba sai an koma tarihi ba ma. Kowace shekara da azumi makarantar iya magana a buɗe take a masallatanmu. Malami ya zauna, mai jan baƙi na gefensa. A ja aya, malami ya warware ta, ya kawo misali daga kasuwa ko daga cikin gida, ya sassauta murya inda ake tausasa zuciya, ya ɗaga ta inda ake gargaɗi. Dubban mutane na zaune a tabarma cikin ƙishirwa, babu alawus, babu abin sanyaya ɗaki, kuma babu mai tashi. Haka Sheikh Abubakar Gumi ya yi a Masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna na kai muryarsa lunguna. Haka Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi ya yi shekara da shekaru. Haka Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi a Masallacin Indimi na Maiduguri. Ana zaton daga barci suke tashi su hau kujera? Dare suke rabawa suna muɗala'a. Ƙwararrun namu na zuwa waɗannan wurare, suna ji, suna jinjinawa, su koma ofis ba su ɗauki darasi ko ɗaya ba.

Masu fakewa da tsoron taro kuma, su je musabaƙar Alƙur'ani, wadda aka fara a matakin ƙasa tun 1986 ƙarƙashin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta hau kujera gaban alƙalai da sarakuna da kyamarori, a ja mata aya daga ko'ina, ta ɗora. Ita ba ta jin tsoro ne? Tana ji. Tilawar dare da rana ce ta rinjayi tsoron. Yaya mai furfura da digiri uku zai kawo uzurin da wannan yarinya ba ta kawo ba?

Addinin da mafi yawansu ke bi ma bai bar wannan fage ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya zuba magana da gaggawa, daki-daki yake yin ta, kuma yakan maimaita muhimmiyar magana sau uku don a fahimta. An ruwaito cewa gajarta huɗuba alamar fahimtar mutum ce. Annabi Musa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangiji ya saki harshensa don a gane maganarsa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna wanda ya fi shi fasaha. Annabi ne guda ya damu da a fahimce shi. Wane ne darakta da zai ce shi ya wuce nan?

Sai maganar harshe, wadda ita ce babbar cuta. A tara manoma, ungozomomi, masu unguwanni da 'yan kasuwa don a wayar musu da kai, sannan a yi musu awa uku ana Turanci. Mai jawabin Bahaushe, masu sauraron Hausawa, batun na gonarsu da lafiyar 'ya'yansu. Wa ake burgewa? In an matsa masa ya yi Hausa, sai ya kawo Ingausa, Turancin bai tsaya ba, Hausar ba ta tsaya ba, har ya riƙa ba da haƙuri wai Hausarsa ta gudu. Harshen da uwarsa ta yi masa reno da shi ne ya gudu? Sashe na 97 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisun dokokin jihohi damar yin zamansu da harshen jihar bayan Turanci, in sun amince. Doka ba ta hana ba. Girman kai ne ya hana.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara: lokacin da ruwa zai sauka, lokacin da zai ɗauke, inda ake fargabar fari a tsakiyar damina. Bayani ne da zai iya ceton irin manomi da kuɗin takinsa. Jami'an gona nawa ne za su iya tsayawa a dandalin ƙauye su ce, "Bana ruwa zai makara a yankinku, kada ku yi gaggawar shuka da ruwan farko, ku nemi iri mai saurin nuna"? Jimla ɗaya ce. Amma sai a lulluɓe ta cikin shafuka arba'in a Abuja, manomi ya binne irinsa ya ƙone.

Wasu kuwa da gangan suke nannaɗe magana. Wanda ya yi aiki yakan faɗe shi a taƙaice: mun haƙa rijiyoyi kaza, a ƙauyuka kaza, da naira kaza, ga sunayen ƙauyukan. Wanda bai yi ba shi ne ke buƙatar manyan kalmomi da zane-zane masu launi, ya yi ta kewaye-kewaye har a gaji a ƙyale shi. Duk lokacin da jami'i ya yi rabin awa yana magana kan kuɗin jama'a ba ku gane komai ba, kada ku zargi kanku. Ku tambayi abin da ake ɓoyewa.

Kada wani ya ɗauka gundura ce kawai asarar. Dattijuwa ta taso daga ƙauye da asuba, ta biya kuɗin mota, ta yi layi a asibiti har azahar. Likita bai ɗago kai ba. Ya yi rubutu, ya jefa mata kalmomi uku na Turanci, ya ce a shigo da na gaba. Ta fito da takarda a hannu tana tambayar masinja, "Ɗana, me ya ce yana damuna?" Ta koma gida ta sha maganin hawan jini kwana biyar, ta ji sauƙi, ta ajiye, domin babu wanda ya gaya mata cewa ba a dainawa. Mun san likitoci sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo. Amma "Baba, wannan maganin kullum za ki sha, ko kin ji sauƙi kada ki bari" minti nawa zai ci?

Mun ga abin da rashin iya bayani ya jawo wa yankin nan gaba ɗaya. A 2003 jihohin Kano, Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin shan inna bayan jita-jitar an gurɓata maganin ta cika gari. Mutane na da dalilin fargaba, domin ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Hujjar kimiyya na hannun ƙwararru, amma ba su iya kai ta zauren mai unguwa ba. Kano ba ta koma rigakafi ba sai a Yulin 2004, kuma kafin a farga cutar ta tsallaka ƙasashe kusan ashirin, har Yaman da Indonesiya. Yara nawa suka shanye a wannan tsakani?

An yi gwaje-gwaje, an sauya inda ake sayo maganin, amma abin da ya buɗe ƙofofin gidaje shi ne zama da mutane. Sarakuna, limamai da mata masu bi gida-gida ne suka yi ta bayani da harshen da uwa ke ganewa, suna sauraron tambaya, suna amsawa ba da izgili ba. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya da nahiyar Afirka sun rabu da asalin ƙwayar cutar. Darasin ya yi tsada. An koya kuwa?

Ko a ƙasashen da ake tinƙaho da su, mummunan gabatarwa ya taɓa shiga cikin sanadin asarar rayuka. A Janairun 2003 wani ɓallin soso ya bugi fiffiken kumbon Columbia na Amurka jim kaɗan bayan tashinsa. Injiniyoyi suka yi wa shugabannin hukumar NASA bayani da shafukan PowerPoint. Kan wani shafi mai muhimmanci ya yi kama da kwantar da hankali, alhali maganar da ta fi kowace nauyi, cewa ɓallin ya ninka wanda aka taɓa gwadawa sau ɗaruruwa, tana can ƙasa cikin ƙananan haruffa. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyar dawowa, mutum bakwai suka mutu. Kwamitin bincike ya lissafa kurakurai da yawa, a ciki har da dogaro da irin waɗannan shafuka a madadin cikakken rahoto. Injiniyan da ya san madatsar ruwa ta tsage amma ya kasa faɗa wa kwamishina a jimla ɗaya, a kan wannan hanya yake.

Laifin bai tsaya kan mutum ɗaya ba. Makarantunmu sun yi watsi da wannan fanni. Jarrabawar furucin Turanci da ɗalibanmu ke yi a WAEC da fensir ake yin ta, ana shafa amsa a takarda, yaro zai ci ta bai buɗe baki ba. Ƙungiyoyin muhawara da a dā suke ƙawata makarantun sakandare sun mutu a wurare da yawa. A jami'a a cusa ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki guda don kwas ɗin Turanci na shekarar farko, babu wanda za a ce ya miƙe ya yi magana. Ɗalibi zai kai shekarar ƙarshe, ranar kare kundinsa ce ranar farko da ya tsaya gaban mutane. Sannan a yi mamaki don gwiwarsa na rawa?

Hukumomi da ƙungiyoyin ƙwararru, na likitoci, na injiniyoyi, na akantoci, suna wajabta wa mambobinsu halartar bita lokaci-lokaci. Sau nawa aka tsayar da mamba aka ce ya yi bayanin aikinsa a minti biyar, aka auna shi? Gwamnati ta kafa kwalejin ASCON a Badagry tun 1973 da cibiyar NIPSS a Kuru a 1979 don horar da manyan ma'aikata. Jami'ai na zuwa, suna dawowa da ƙarin girma. Shugabannin ma'aikatun da suka tura su, sun taɓa zaunar da su suka ce su nuna abin da suka koyo?

Alhali maganin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi da tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka gayyata ya yi jawabi ya fara tambayar kansa: su wa zan yi wa magana, me suka riga suka sani, kuma wane abu ɗaya nake so su tafi da shi? In ya kasa faɗin wannan abu ɗaya a jimla guda, bai shirya ba. Ya miƙe a ɗakinsa ya faɗi jawabin da ƙarfi, agogo a gabansa. Wayar da ke aljihunsa ta ɗauke shi, ya zauna ya kalli kansa, ya ji inda yake haɗiye kalmomi da inda yake maimaita abu ɗaya. Ya gwada a gaban matarsa ko abokin aikinsa, ya roƙe su su gaya masa gaskiya.

A ranar taro ya zo da wuri ya gwada lasifika da majigi. Ya gaisa sau ɗaya ya shiga magana. Ya dubi idon mutane. Kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya, da manyan haruffan da na ƙarshen ɗaki zai gani. Adadi ya mayar da shi abin da ake iya kamawa: a madadin kaso cikin ɗari, ya ce cikin kowane yara goma, uku. Ya shirya yadda zai ci gaba in an ɗauke wuta, domin a ƙasar nan za a ɗauke. Ya sauka kafin lokacinsa ya cika, ya bar fili don tambaya. In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce bai sani ba. Imamu Malik ya shahara da faɗin haka, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Wanne ne a cikin waɗannan ya fi ƙarfin mai digiri? Wanne ne ke buƙatar kasafin kuɗi?

Waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci sun nuna hanya. Tun 1924 aka kafa ƙungiyar Toastmasters a Amurka don mutane su riƙa haɗuwa suna gwada magana suna gyara wa juna, kuma tana da rassa a Legas da Abuja. Ba sai an jira ta ba, ma'aikata goma a kowane ofis za su iya ware awa ɗaya a mako su yi haka. Kamfanin Amazon ya hana manyan jami'ansa amfani da PowerPoint a tarukansu tun 2004, sai dai a rubuta bayani mai shafi shida a karanta shi shiru kafin a fara tattaunawa, don wanda bai yi tunani ba ya rasa inda zai ɓuya. A Gettysburg a 1863 babban mai jawabi ya yi awa biyu, Shugaba Lincoln ya yi kusan minti biyu, kuma nasa ake koyarwa a makarantu har yau. Tsawon magana bai taɓa zama ma'aunin ilimi ba.

Yanzu saura ku, jama'a, domin da haɗin bakinku wannan ɗabi'a ta yi ƙiba. Ku ne kuke tafa wa wanda ya azabtar da ku. Ku ne kuke tare shi a waje ku ce, "Ranka ya daɗe, ai ka yi ƙoƙari," alhali kun san ba ku gane komai ba. Kara tana da wurinta, amma karar da ke hana gyara cuta ce. Ku daina. In ba ku gane ba, ku ɗaga hannu ku ce a maimaita. In taron naku ne kuma Hausa kuke ji, ku ce a yi Hausa. In likita ya sallame ku ba ku san ciwonku ba, kada ku tashi daga kujerar sai ya faɗa muku. Haƙƙinku ne, ba alfarma ba ce.

Masu shirya taruka su fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba. Su gayyaci wanda ya san batun kuma ya iya faɗinsa, su bar gayyatar muƙami. Wanda ya wuce lokacinsa a karɓe lasifika, ko waye shi. Shugabannin makarantu su farfaɗo da muhawara, da Hausa da Turanci. Jami'o'i su sa kowane ɗalibi ya miƙe ya yi bayani tun daga shekarar farko. Ma'aikatu su sa iya bayani cikin sharuɗɗan ƙarin girma.

Su kuma ƙwararrun, su sani ilimin da ke kansu da dukiyar al'umma aka saye shi, kuma isar da shi ga al'umma wani ɓangare ne na aikin da ake biyan su albashi dominsa. Wanda zai shirya, ga fili nan, jama'a na da ƙishirwar ji. Wanda ba zai shirya ba ya mayar da katin gayyata ya zauna a gida, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Amana ce aka ɗora musu, kuma za a tambaye su a kanta.